Da Gemunsu Suna Yaƙar Dodon Takarda

Na san abin da za ku ce, saboda haka bari in hutar da ku in faɗa da kaina. Mutum biyar baligai, wani da gemu, wani da furfura, har da Hajiya mai 'ya'ya a sakandare, sun kewaye tebur da takardu da fensir. Ɗaya ya ce shi barde ne. Hajiya ta ce ita ɓarauniya ce, babu kwaɗon da ya gagare ta. Na can ƙarshen tebur ya murtuke fuska yana kwaikwayon muryar dodo. Haka za su shafe awa uku ko huɗu, ba talabijin, ba kuɗi, ba kofi, a tashi kuma ba wanda ya ci, ba wanda aka cinye. Tambayarku ita ce, anya lafiyarsu ƙalau? Ƙalau suke, Yallaɓai. Kai da ka yi gaba da maƙwabcinka don wani yaro a Landan ya zubar da fanareti, gyara zama, maganar lafiya sai mun bi ta a hankali.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, masu yinsa kan ce D&D. A Amurka aka haife shi a 1974, iyayensa kuwa Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, da Dave Arneson na jihar Minnesota. Dukansu 'yan wasan yaƙin kan tebur ne, irin wanda ake jera 'yan sojojin dalma ana auna tazara da rula. Dabarar Arneson ita ce kowa ya ajiye runduna ya ɗauki mutum ɗaya tak, ya ba shi suna da hali, ya shiga da shi ƙarƙashin wata tsohuwar fada ya ga abin da ke ciki. Kwafi dubu aka buga da farko, 'yan littattafai uku a kwali, dala 10. Kamfanin da ya buga shi, TSR, ya koma hannun Wizards of the Coast a 1997, shi ma Hasbro ya haɗiye shi a 1999. Wato shirmen da kuke yi wa dariya ya girmi da yawanku, kuma ya fi mu duka kuɗi.

Yadda ake yinsa ba wuya. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da duniyar gaba ɗaya: hanya, gari, sarki, mai masauki, da kowane dodo. Sauran kowa da jaruminsa guda, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa, zafin namansa, juriyarsa, ƙwaƙwalwarsa, hikimarsa da kwarjininsa, kowanne da lambarsa. Jagora ya ce, “Kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga magariba ta kawo kai. Me za ku yi?” Barde ya ce zai yi tsalle ya ƙetare. In abin zai iya yiwuwa, zai kuma iya ƙi, sai a ɗauko dayis, ɗan'uwan wanda 'yan lido ke kaɗawa a gwangwani, sai dai wannan fuska ashirin gare shi. Jagora ya sa a ransa 15 ake nema. Barde yana da ƙarin 3 saboda ƙarfinsa, don haka 12 ko sama yake bukata, fuska tara ke nan cikin ashirin, kashi 45 cikin ɗari. Ya jefa, 4 ta fito. Sai ga barde da sulkensa tsundum a ruwa, tebur ya kwashe da dariya, labari ya miƙi hanyar da ba wanda ya tsara. Tatsuniya ce, amma irin wadda jikoki suka ƙwace Gizo daga bakin kaka, kowa ya riƙe nasa Gizon, aka bar wa tsohuwa Ƙoƙi da Dodo da sauran 'yan gari.

Tun da na ambaci dayis na ga hannun Malam a sama. Allah gafarta Malam, ba a zuba ko sisi, ba a kwasa. Na kuma san maganarka ba a nan ta tsaya ba: akwai hadisi a kan nardu, malamai sun daɗe suna sharhi a kan wasa da dayis ko da babu kuɗi a ciki, kuma ba a shafin zolaya ake yanke irin wannan hukunci ba. Abin da zan ce kawai, wannan nau'in wasa yana tafiya ko babu shi. Akwai wani mai suna Amber da ya fito a 1991, ba a jefa komai a cikinsa, jagora ne ke auna lambobin jarumai da dabarar da mai wasa ya kawo, ya yanke. Akwai Dread, na labaran ban tsoro, wanda duk mai son yin abu mai haɗari sai ya zare katako ɗaya daga hasumiyar Jenga, in ta rushe jaruminsa ya tafi ke nan.

“To, tsafin fa?” in ji Gwaggo daga bayan labule. Gwaggo, Amurkawa sun riga ki wannan tsoron, kuma sun fi ki yinsa da ƙarfi. A 1979 wani ɗalibin Jami'ar Jihar Michigan ya ɓace, mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi hasashen ko wasan ne ya kai shi ramukan ƙarƙashin makarantar, jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Daga baya ta bayyana ɓatansa ba shi da alaƙa da wasan, amma kafin nan labari ya gama gari. A 1982 har fim aka yi a kai, Mazes and Monsters, da Tom Hanks yana saurayi. Iyaye suka tayar da hankali, coci-coci suka yi ta wa'azi, ciniki kuwa sai ƙaruwa ya yi. Da TSR ta fitar da bugu na biyu a 1989, sai da ta cire sunayen shaiɗanu daga littattafan ta laƙaba musu wasu sunaye na ƙage don a zauna lafiya. Ga kuma tsafin da ake ta faɗa a kai: mafi shahararsa ƙwallon wuta ne, yadda ake yinsa kuwa shi ne a jefa dayis mai fuska shida guda takwas, a haɗa jimla. Wanda na ga ya fi shan wahalarsa shi ne wanda ya tsere wa darasin lissafi a firamare. Gaskiya ne akwai gumakan ƙage a cikin littattafan, kuma teburin da ba ya son su sai ya share su, duniyar ta jagora ce da abokansa.

Mai cewa yawon neman abin al'ajabi a ƙasar aljannu ɗabi'ar Turawa ce, shi ba zan ɓata masa lokaci ba. Ya je ya karkaɗe ƙura daga Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya fitar tun 1934, ya ga ko Alhaji Imam a gida ya zauna.

Yanzu ga wanda ya daina dariya, ya matso yana tambaya ƙasa-ƙasa, “To, in mutum yana so ya tara abokai ya ja musu, ta ina zai fara?” Na gan ka, kuma asirinka a rufe.

Kada ka miƙa musu littafi. Littafin 'yan wasa na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, shafi 320 ne. Ka ɗora shi a gaban wanda ya zo hira, ka ce ya karanta kafin Asabar, to ka yi sallama da shi har abada. Su kansu masu kamfanin wasan sun san da haka, shi ya sa a shekarar suka fitar da kwalin 'yan koyo: dokoki shafi 32, dayis shida, jarumai biyar da aka riga aka cike musu takarda, da labari guda mai suna Lost Mine of Phandelver, wanda ke ɗaukar jarumi daga mataki na 1 zuwa na 5. Taƙaitattun dokokin ma sun saka su kyauta a intanet. Ka baza takardun biyar a tebur, ka ce ga barde biyu, ga mai warkarwa, ga ɓarawo, ga matsafi, kowa ya zaɓa. Abu biyu kawai za ka nema daga kowa: sunan jaruminsa, da dalilin da ya raba shi da gida. Wani zai ce bashi ne ya koro shi. Wata za ta ce ƙaninta take nema. Rubuta su, domin amsoshin nan sun fi duk abin da ka shirya daraja. Ranar da mai bin bashin ya bayyana a kasuwar wani gari, za ka ga mutumin da ya zo rakiya ya ajiye waya ya gyara zama.

Dokoki kuwa a koya su lokacin da aka bukace su. Ba wanda zai riƙe bayanin yadda ake faɗa alhali ba a fara faɗan ba. Amma da kibiya ta wuce ta gefen kunnensa, ka ce, “Jefa mai fuska ashirin, ƙara lambar da ke kusa da takobinka,” ya koya ke nan, ba zai sake tambaya ba. In ka manta wata doka a tsakiyar wasa, yanke hukuncin da ya kwanta maka, ka ce za ka duba daga baya. Minti goma ana buɗe shafi yana kashe zama fiye da hukuncin da ya ɗan karkace.

Tsofaffin hannu suna yin wani zama na share fage kafin a fara labari, kuma ina goyon bayansu. A nan ake shirya yaushe za a riƙa haɗuwa, awa nawa, wane irin labari ake so, na raha ko na tsoro, da abin da ba a so a ji a teburin. Wani ba ya son a taɓa yara a labari, wata ba ta son zancen azabtarwa, Gwaggo ba ta son gumaka. A nan kuma ake kafa dokar da ta fi kowace muhimmanci ga 'yan koyo: jaruman nan tare suke tafiya. Domin a kowane sabon tebur akwai mutum ɗaya da, da ya ji an ce zai iya yin duk abin da ya ga dama, abin da zai fara faɗo masa shi ne ya yanke aljihun abokinsa ko ya cinna wa masauki wuta. Kun san shi. Yana cikin masu karanta wannan shafi, yana murmushi.

Bari mu leƙa farkon labarin Phandelver kusa-kusa. Wani wada mai suna Gundren Rockseeker ya ɗauki jaruman haya su raka masa keken shanu da kaya daga birnin Neverwinter zuwa ƙauyen Phandalin, ladan kowa zinare goma. Shi ya yi gaba a kan doki tare da mai rakiyarsa. Ana cikin tafiya sai jagora ya ce, “Kun sha kwana, ga matattun dawaki biyu sun tare hanya, kibau sun soke su. Dama da hagu duhuwa ce. Me za ku yi?” Tebur ya yi tsit. Mai barde, wanda a waje ma'aikacin banki ne mai lissafin komai, ya duba takardarsa yana neman inda aka rubuta abin da ake yi da mataccen doki. Babu. Hajiya, wadda ta rantse kallo kawai ta zo yi, ta ce, “Ni fa ban yarda da dawakin nan ba. Zan iya hawa bishiya in leƙa?” Wannan tambaya ita ce wasan gaba ɗayansa, amsarta kuma “Gwada mu gani.” Ta jefa, 17 ta fito, ta hango gajerun halittu huɗu masu kunnuwa zaƙo-zaƙo, waɗanda ake kira goblin, sun laɓe da bakuna. Daga wannan lokaci Hajiya ta daina cewa “ɓarauniyar nan”, ta koma cewa “ni”.

A nan ne sabon jagora kan yi kisan da bai yi niyya ba. Goblin ba wani abu ba ne, makin ransa 7, amma kibiyarsa tana cire maki 3 zuwa 8. Matsafi a mataki na 1 kuwa makin ransa yawanci bai wuce bakwai ko takwas ba. Kibiya biyu, wani lokaci ma ɗaya, sai ga shi a ƙasa, alhali mai shi bai gama gane ina ne gaban takardar ba. Faɗuwa ba mutuwa ba ce nan take: duk zagaye zai jefa dayis, 10 ko sama nasara ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. Amma ka duba fuskar mutumin da ya bar shagonsa ya zo, aka kayar da shi a minti na ashirin, ya koma kallon wasu suna wasa. Saboda haka ka rarraba kiban, kada huɗun su taru a kan mutum ɗaya. Ka tuna goblin matsorata ne, littafin da kansa ya tanadi cewa in uku sun faɗi na huɗun ya ranta a na kare, in kuma su suka yi galaba su kwashe kaya su bar jarumai a sume. Ba cewa na yi a cire haɗari ba, wasan da ba a iya faɗuwa a cikinsa lami ne. A dai bar mutum ya fara son jaruminsa tukuna, sannan tsoron rasa shi ya yi aiki.

Sai babban ciwon jagorori, wanda ba ya jin magani. Mutum ya kwana yana zana taswira, ya rubuta tarihin daula na shekara dubu uku, da sunan kowane sarki da na dokinsa, ya tsara cewa jarumai za su bi sawun goblin zuwa kogo, su ceci fursuna, su ji wani sirri. Washegari 'yan wasa suka kama goblin ɗin da ya so gudu. Barde ya ɗaga takobi. Hajiya ta ce, “Tsaya tukuna. Kai, yaya sunanka?” Jagora ya duba takardunsa, ga sunan dokin sarki na sha huɗu, amma babu sunan wannan ɗan taliki. Ya ƙaga masa suna nan take, ya maƙale murya ya ce yunwa yake ji. Suka ba shi gurasa. Suka yi masa wanka. Suka sa masa hula. Zama uku bayan nan ba wanda ya tuna da daular shekara dubu uku, amma da wani ya harbi goblin ɗinsu, tebur ya tashi tsaye kamar an taɓa ɗan gida.

Jagoran da bai ƙware ba zai yi ta jan su da ƙarfi zuwa hanyar da ya shimfiɗa: ƙofar hagu a kulle, ta dama ta rushe, sai ta tsakiya. 'Yan koyo suna gane wannan da wuri fiye da yadda ake zato, kuma da sun gane amsarsu ba ta canza komai, sai waya ta fito daga aljihu. Ni a ganina gara ka shirya mutane da bukatunsu, wane yana son me, me zai yi in an hana shi, ka bar yadda za a yi ga masu wasa. Kogon yana nan, ko ta sawu suka je, ko goblin mai hula ne ya kai su. Haka kuma kada ka ɓoye abin da labari ba zai ci gaba ba sai da shi a bayan jifa ɗaya. In wasiƙar da ke nuna maɓoyar mugu tana cikin akwati, ɓarauniya ta jefa 3, to akwatin ya buɗe, amma da ƙarar da ta tashi mai gadi.

Akwai kuma rabon magana, wanda babu shi a kowane shafi. Kowane tebur da mai bakinsa, wanda kafin ka rufe baki ya amsa wa kowa, da kuma mai shiru, wanda dabararsa ta fi ta kowa amma ba zai katse wani ba. Kada ka tsawata wa na farko, ɗokinsa ne ke ɗumama wurin. Ka ce masa, “Na ji, riƙe wannan,” ka juya ga mai shirun ka kira shi da sunan jaruminsa: “Kai kana bayan keke, kai kaɗai ka ga wani abu ya motsa a ciyawa. Me za ka yi?” Kada kuma ka tilasta wa kowa sauya murya. Wanda ya ce “jarumina zai roƙi mai gadi ya bar mu mu wuce” ya yi wasa daidai da wanda ya durƙusa yana kukan ƙarya.

Na faɗi haka ne saboda masu zuwa da Critical Role a kai. Shiri ne da aka fara watsawa a intanet a 2015, Matthew Mercer ne ya fara ja, kuma shi da abokan wasansa sana'arsu ke nan, su ne masu sa murya a katun da wasannin bidiyo. Shi da Stranger Things, da ya fara a Netflix a 2016 da yara suna wannan wasa a ɗakin ƙasa, sun jawo mutane da yawa. Madalla. Amma in wani ya zauna a teburinka yana jiran ka yi murya goma sha biyu, gaya masa kana da biyu, taka da ta mura, kuma duk dodannin garin da su za su yi magana.

Saura abokin gaba na ƙarshe, wanda ya ga bayan tafiye-tafiye fiye da duk dodannin littafi: ranar haɗuwa. Wannan makon bikin ƙanwar barde, na gaba sunan ɗan matsafi, na gaba mai warkarwa ya tafi ta'aziyya, kafin a ankara wata biyu sun wuce, kowa ya manta inda aka tsaya. Don haka kada ka yi wa 'yan koyo alkawarin tafiyar shekara. Ce musu zama ɗaya ne, awa biyu zuwa uku, da farko da ƙarshe. In sun nemi ƙari, a yi huɗu ko biyar. Ka tsayar da rana guda wadda ba ta motsi, ka tsaya kowane zama a daidai inda ƙofa ta fara buɗewa, ka sa wani ya maimaita abin da ya faru a farkon zama na gaba. Mutum uku sun hallara, a yi wasa, wanda bai zo ba jaruminsa yana gadin keken shanu. Wanda ya yi fashi sau uku a jere kuwa, jaruminsa ya auri 'yar mai masauki ya zauna a Phandalin, kujerarsa a ba Gwaggo, wadda tun ɗazu take tambaya daga bayan labule ko an riga an ɗauki takardar matsafin.